Littafi Mai Tsarki a Gona da Kasuwa: Almajiranci a Ƙauyukan Kudancin Kano

Kwanar Dangora mararraba ce a kan hanyar Kano zuwa Zariya, inda titin da ya nufi Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa ya rabu ya doshi Saminaka da Jos, kuma a cikin ƙauyukan da ke warwatse a wannan yanki akwai gidajen Maguzawa, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya har bayan jihadin 1804, waɗanda da yawa daga cikinsu suka karɓi Kiristanci a ƙarni na 20. Yawancinsu suna ƙarƙashin ECWA, ikilisiyar da ta tsaya da ƙafafunta a 1954 daga aikin mishan ɗin SIM, wasu kuma Angilika ne ko Katolika. Littafi Mai Tsarki da suke karantawa an kammala fassara shi zuwa Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ɗauki babban kaso a cikinsa.

Almajiranci a bakin Kirista shi ne mutum ya bi koyarwar Almasihu har ta bayyana a halinsa da ma'amalarsa, kuma a ƙauye, inda kowa ya san gonar kowa da bashin kowa, ba a iya ɓoye rashinsa. Manomin masara da dawa ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane misalin mai shuka da ke sura ta 13 ta Matiyu, domin ya san fako ya san jigawa. Wuyar tana ga ayoyin da suka taɓa aljihu. Littafin Firistoci, sura ta 19, ya hana tauye mudu da ma'auni, ya hana a kwana da ladan ɗan ƙodago, ya kuma umarci mai gona ya bar kala domin matalauci da baƙo. Wasiƙar Yakubu, sura ta 5, ta tsananta wa masu arzikin da suka danne hakkin waɗanda suka girbe musu gona. Saboda haka mai awon da ya bubbuga gindin mudunsa domin ya rage cinsa, da mai hatsin da ya zuba tsohuwar masara a ƙasan buhu ya rufe da sabuwa, da wanda ya ba maƙwabcinsa bashin taki da damina bisa sharaɗin ya karɓi ninki da kaka, duk sun saɓa wa nassi a fili ko da ba su taɓa fashin sujadar Lahadi ba. Wa'azin da ya tsaya a kan baiko da ginin majami'a, bai leƙa mudu ba, ya bar rabin aikinsa.

Sha'anin aure ya fi wannan sarƙaƙiya. Gidan Bamaguje na da babban gida ne na gandu, inda uba da 'ya'yansa maza ke noma tare, kowace mace kuma tana da gayaunarta, wato 'yar gonar da amfaninta nata ne, don haka yawan mata ƙarfin gida ne. Mishan-mishan na farko sun dogara ga koyarwar mace ɗaya, suka hana mai mata da yawa baftisma sai ya sallami sauran, abin da ya jefa mata da yara marasa laifi cikin wahala. A taron Lambeth na 1988 bishop-bishop na Angilika sun amince a yi wa irin wannan mutum baftisma tare da iyalinsa, muddin ba zai ƙara aure ba kuma jama'ar ikilisiyar wurin sun yarda. Wannan hukunci ya nuna cewa aiki da nassi ba ɗauko aya ɗaya a sare da ita ba ne, sai an auna ta da sauran ayoyin da suka hana saki suka kuma wajabta kula da iyali.

Giya da tsafi da bori su ne aka fi sanin sabon tuba da barinsu, kuma abin da manzo Bulus ya rubuta wa Korintiyawa game da naman da aka yanka wa gumaka yana da amfani kai tsaye ga wanda kawunsa ke gayyatarsa bikin gargajiya.

Akwai kuma zama da dangi. Ba abin mamaki ba ne a tarar da wa Musulmi, ƙane Kirista, kakarsu kuwa tana nan a kan al'adar iyayenta, suna haɗuwa a suna da biki da jana'iza. Sura ta 12 ta Romawa ta bukaci mai bi ya zauna lafiya da kowa iyakar iyawarsa, kada ya rama mugunta, kuma wannan umarni yana da nauyi a jihar da Kiristoci 'yan ƙasa tsiraru ne, suna kuma kokawa kan wuyar samun filin ibada da malaman addininsu a makarantun gwamnati. Haƙuri a nan ba yin shiru a kan hakki ba ne, domin Bulus kansa ya nemi hakkinsa na ɗan ƙasar Roma a gaban hukuma.

Babbar matsalar ita ce karatu. Dattawa da mata da yawa da kunne suke samun nassi, daga bakin mai bishara ko a waƙoƙin Zumuntar Mata, ƙungiyar da take ɗauke da zaman makoki da gaida marasa lafiya da koyar da amare. Wanda bai iya karatu ba kuwa ba shi da hanyar tantance abin da aka faɗa masa, ko da mai wa'azin ya karkata aya zuwa ga tara kuɗi. Ya kamata dattawan ikilisiyoyin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su buɗe ajin yaƙi da jahilci da rani, bayan an kai amfanin gona gida, su kuma sa matan aure a sahun gaba.