Igiya Ɗaya, Rai Biyu

Mu a Zakirai ba mu da dogayen duwatsu, amma mun san mai shiga rijiya da mai riƙe masa igiya. Haka masu hawan dutse suke yi. Mutum biyu sukan ɗaura igiya ɗaya a ƙugu. Na gaba ya hau, yana cusa ƙarafa a tsagar dutse yana saƙala igiyar, na ƙasa yana sake masa kaɗan kaɗan. In ya kai zango ya kafe, sai ya riƙe wa abokinsa har ya iso.

A 1953 Edmund Hillary ya rufta ramin ƙanƙara, Tenzing Norgay ya riƙe igiya, ya cece shi. Ran 29 ga Mayu suka kai ƙololuwar Everest tare.

Mai karatu, igiyar wa kake riƙe da ita? Ku karanta Mai Hadishi 4:9-10 da iyali.