KUSU, CUTAR KOGIN HANTAN DA DAKARUN JINI

Kowa ya san ɓarnar kusu cikin rumbu. Amma yau ba zancen hatsin da yake ci za mu yi ba. Za mu yi zancen wata cuta da yake ɗauke da ita a wasu ƙasashe, da yadda jikin mutum yake yaƙi da ita.

Ina ta fito?

Likitoci suna ce mata hantabirus. Kada sunan ya ruɗe ku, ba ciwon hanta ba ne. Sunan wani kogi ne, Hantan, a ƙasar Koriya. Lokacin yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, sojoji fiye da 3,000 sun kwanta da zazzaɓi mai zafi, da zubar jini, da ciwon ƙoda. Ba a gane dalili ba sai 1976, da wani likita ɗan Koriya ta Kudu, Ho Wang Lee, ya samu ƙwayar cutar cikin huhun kusun gona da aka kama kusa da kogin.

A 1993 wata irinta ta ɓulla a Amurka, yankin ƙabilar Nabaho. An yi ruwa mai yawa, abinci ya wadata a daji, kusa suka hayayyafa. Matasa masu ƙarfi suka riƙa mutuwa cikin ƴan kwanaki, huhunsu cike da ruwa. A Amurka, wajen mutum 1 cikin 3 da ta kama ya rasu. A nan Afirka ta Yamma kuma, a 2006 an samu wata danginta jikin kusun daji a ƙasar Gine.

Ƙwayar tana fita cikin fitsarin kusu, da kashinsa, da miyansa. In sun bushe, mai shara ya ta da ƙura, sai ya shaƙe ta.

Su wa ke tsaron jiki?

Cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi, ido ba ya ganinsu. Su ne dakarun jiki. Wata rundunarsu ana ce mata ƙwayoyin T, don suna samun horo cikin wani ɗan nama da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna timus. Aikinsu kashi uku ne. Akwai masu kisa: suna neman duk wurin da cuta ta ɓuya cikin jiki, su hallaka shi tare da ita. Akwai mataimaka: su ke yin yekuwa, su tara sauran dakaru. Akwai masu tsawatawa: su ke cewa ya isa haka nan, a mai da takobi.

Ga inda abin mamaki yake

Masu lambu kun san magudanar ruwa. In bakinta ya tsage, ruwa ya malale, fangali bai samu ba. Ƙananan hanyoyin jini haka suke, suna da shimfiɗa daga ciki mai hana yoyo. Cikin wannan shimfiɗa ƙwayar cutar take shiga ta zauna. Ita kanta ba ta rusa wurin. To, me ke sa yoyo, har ruwan jini ya cika huhu, ko ƙoda ta kasa aiki?

Likitoci sun duba jinin marasa lafiya a Amurka. Sun tarar waɗanda ciwon ya fi tsananta gare su sun fi yawan ƙwayoyin T masu kisa. Kamar akuya ce ta shiga gonar wake, samari ashirin suka bi ta da gudu. An kore akuya, amma wa ya tattake waken? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai dai kada mu ɗora musu laifin duka. An gwada da ƙananan dabbobi: an cire musu ƙwayoyin T, cutar ba ta fasa kama su ba. Kuma mutumin da ya warke, wasu daga cikin dakarunsa suna riƙe da kamannin cutar shekara da shekaru, suna jiran ta. Ashe abin da ake so shi ne daidaito: yaƙi da wuri, tsayawa kan lokaci.

Dubi kusu kuma. Yana yawo da ƙwayar wata da watanni, yana ci yana haihuwa, ba alamar ciwo. Gare shi masu tsawatawa suna da ƙarfi, ba su barin faɗa ya yi zafi. Shi ya zauna lafiya da cutar, mutum ne ke biyan bashi.

Me za mu yi?

Babu maganin da ke kashe wannan ƙwaya kai tsaye. A gidan likita ana taimakon numfashi da ƙoda har jiki ya farfaɗo. Don haka rigakafi ya fi magani. Kuma hanyar tsaro ɗaya ce da ta zazzaɓin Lasa, wanda kusu ke yaɗawa a Nijeriya maƙwabciyarmu.

1. Rumbu ko ɗakin da ya daɗe rufe, buɗe shi ya sha iska rabin awa kafin ka shiga.
2. Kada ka share kashin kusu a bushe. Yayyafa ruwan jabel, awo 1 cikin awo 9 na ruwa, ka jira minti 5, sa'an nan ka kwashe.
3. Ɗaura ƙyalle bisa hanci da baki. In ka gama, wanke hannu da sabulu.
4. Mushen kusu, kada yara su taɓa shi. A binne shi.
5. Toshe ramu, rufe tulu da ƙwaryar abinci, nisanta kara da juji daga rumbu.

Wanda zazzaɓi ya kama bayan aikin rumbu, numfashi ya yi masa wuya ko fitsari ya ragu, a kai shi gidan likita ran nan, kuma a gaya wa likita aikin da ya yi.

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu lafiya da rumbu cike.

Malamin gona