Ranar da Dusar Ƙanƙara ke Rufe Makaranta a Amurka

A Buffalo, birnin da ke bakin tafkin Erie a jihar New York, hunturu ba ya wucewa ba a rufe makarantu ba. Dalili yana cikin tafkin. Idan iska mai tsananin sanyi ta taso daga wajen Kanada ta ratsa saman ruwan da bai daskare ba tukuna, sai ta kwashi tururi, ta zo ta juye shi a gari ya zama dusar ƙanƙara. A watan Nuwamban 2014, tsayin abin da ya zuba a wasu unguwannin kudancin birnin ya kai wajen ƙafa bakwai cikin 'yan kwanaki.

Tun da asuba shugaban makarantun gunduma yake duba hanyoyi, ya ga ko motocin ɗaukar yara za su iya fita. In ya ga ba hali, sai saƙo ya shiga wayoyin iyaye. Yara kuwa tun daren jiya suke ta camfe-camfensu. Wani ya sa kayan barci a bai-bai, wata ta tura cokali ƙarƙashin matashin kai, duk don dusar ta sauka da yawa.

Gari na wayewa sai tsakar gida ta cika da ihu. A mulmula dusa a yi jifa, a tayar da mutum-mutumi a saka masa karas a madadin hanci, a hau faifan roba a zame daga kan tudu. Amma fa ba kowace dusa ke curuwa ba. Wadda ta sauka lokacin da sanyi ke dab da ma'aunin sifili tana da ɗan danshi, tana kama jiki kamar garin fura da aka jiƙa. Wadda ta zo cikin tsananin sanyi kuwa busasshiya ce, ko an dunƙula ta watsewa take. Yaron Buffalo kan gane bambancin da tafin hannunsa tun kafin malami ya koya masa.

Ga iyaye lamarin ba daɗi kaɗai ba ne. Uwar da ake biya bisa awannin aiki, in ta zauna da yara ta rasa kuɗin ranar. Yara kusan miliyan 30 ne ke cin abincin rana a makarantun ƙasar, kuma a gidaje da dama shi ne abincin da ake dogaro da shi. Ga kuma haɗari: guguwar Disamban 2022 ta kashe fiye da mutum 40 a yankin Buffalo.

Bayan annobar korona, hukumar makarantun birnin New York ta ce a irin wannan rana za a yi darasi ta intanet, tunda doka ta nemi kwana 180 na karatu a shekara. Da aka gwada a ranar 13 ga Fabrairun 2024, ɗalibai da yawa sun kasa shiga darasin da safe.

A ganina wannan tsari bai share wa kowa hawaye ba. Uwar nan dai dole ta zauna a gida, abincin makaranta bai zo ba, yaro kuma an ɗaure shi gaban kwamfuta alhali tudu na can a waje. Gara a ƙara kwana ɗaya a ƙarshen zango, kamar yadda gundumomi da yawa ke yi, a bar wa yaran ranarsu.