Maye, buguwa da shauƙi: a san wadda za a faɗa wa mutum

Ni ɗan Kagara ne ta jihar Neja, mahaifina fataucin shanu yake yi zuwa Ibadan da Agege. Na lura yaranmu da aka haifa a Kudu suna cakuɗa kalmomin buguwa da na murna, alhali kalma ɗaya tana iya ɓata wa mutum suna a kasuwa ko ta hana shi aure.

Mu fara da "maye". A rubuce iri ɗaya ce, amma a baki kalma biyu ce. Idan murya ta fara daga ƙasa ta hau, ana nufin gushewar hankali saboda giya, burukutu, bammi ko ƙwaya. Idan ta fara daga sama ta sauko, to mai maita ake nufi, macensa mayya, jam'insu mayu. Don haka "ɗan maye" daban, "maye ne" daban. Wallahi kuskuren murya a nan yana iya kai mutane gaban Sarkin Hausawa.

Buguwa kuma mataki-mataki ce. "Ya bugu" na nufin abin ya kama shi. Idan yana tangaɗi yana layi a hanya, sai a ce ya yi marisa ko ya yi mankas. "Bugagge" halin da yake ciki a lokacin ne, amma "mashayi" tambari ne, wato ya mai da sha ɗabi'a. Yanzu kalmar ta wuce giya: tun kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin a 2018, "kayan maye" sun haɗa da shi da tiramol da wiwi.

Akwai kuma buguwar da babu kwalba. Falke ya sayar da raguna a jajibirin Babbar Sallah, aljihu ya cika, ya daina amsa gaisuwa: sai a ce giyar kuɗi ta ɗebe shi. Haka ake cewa giyar mulki ga mai kujera. Wannan zargi ne na girman kai, ba a ce ya sha komai ba.

Na murna zalla su ne shauƙi, annashuwa, nishaɗi, ɗoki da zumuɗi. Ango yana shauƙi, yaro yana ɗokin zuwa gida hutu. Wanda daɗin tuwo ya sa shi surutu, santi yake yi, abin dariya ne kawai.

To idan ka ga yaron mota yana ta raha bayan an sauke shanu lafiya, ka ce yana cikin nishaɗi. Kada ka ce "a buge yake" sai ka tabbata, don maigidansa zai iya sallamarsa a kan wannan magana.