Tikiti: Sunan Wa Ke Jiki?

Yau shirin namu a kan tikiti ne, na jirgin ƙasa da na jirgin sama, in lokaci ya bari mu taɓa na shiga filin wasa.

Amma ku ba ni minti biyu tukuna, akwai wani kafinta da labarinsa ya burge ni. Sunansa Thomas Edmondson, mutumin Ingila. Sana'arsa ta karye, bashi ya ci shi, sai a 1836 ya samu aikin kula da wata 'yar ƙaramar tashar jirgin ƙasa a arewacin ƙasar. A zamanin, da hannu akawu ke rubuta wa kowane fasinja takardarsa. Layi ya yi tsawo, jirgi na jira, kuma in akawu ya jefa kuɗin a aljihu babu mai ganewa. Edmondson ya zauna ya yanka kwali ƙanana, ya buga wa kowanne sunan tasha da kuɗin tafiya, sannan ya ba su lamba bi da bi. Lamba, jama'a! Da safe an san lambar da aka fara sayarwa, da yamma an san inda aka tsaya, sai a kawo kuɗin abin da ke tsakani. Da yake hannun kafinta ne, ya ƙera injin buga kwanan wata a jikin kwalin, don kada a shiga da na jiya. Kamfanoni suka riƙa biyansa sule goma a shekara kan kowace mil ta layinsu. Wannan ɗan kwali ya bi jiragen Turawa zuwa ƙasashen da suka mallaka, kuma a Ingila kanta ba a daina amfani da shi ba sai 1990.

To mu dawo gida. Jirgin Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, a farkon 2021 aka koma sayar da tikitinsa ta intanet, saboda 'yan cuwa-cuwa sun hana mutane sakat a tashoshin Rigasa da Kubwa da Idu: su saye tikiti, a ce maka ya ƙare, ka juya wani ya tare ka da shi a ninkin kuɗi.

Na san dalilin da ke sa mutum ya saya a hannunsu. Kana da ganin likita a Abuja, ko jarabawar neman aiki, ba ka son hanyar mota. Ban ga laifinka ba. Amma tikitin nan sunan wa ke jiki? A daren 28 ga Maris 2022, da aka kai wa jirgin hari a hanyarsa ta zuwa Kaduna, tambayar farko da iyalai suka yi ita ce su wa ke ciki. Hukumar jiragen ƙasa ta ce mutum 362 ne aka tantance sun shiga, rahotannin farko kuwa sun ambaci adadin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Wanda ya shiga da sunan wani, a wace takarda 'yan uwansa za su nemo shi? Da jirgin ya dawo aiki a Disambar 2022, sai aka ce babu tikiti sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Saboda haka ka saya da kanka, da sunanka, da lambar wayarka, a shafin hukumar ko a tagar tasha. In ba ka iya waya ba, ɗanka ko ƙaninka ya saya maka, amma da sunanka.

Jirgin sama kuma, musamman masu niyyar Umra, ku kasa kunne a nan. Ajiye kujera daban, yankar tikiti daban. Ejan na iya ba ka takarda mai kyau da tambarin kamfani da sunanka da ranar tashi, alhali kujera kawai ya riƙe bai biya ba, bayan ɗan lokaci kamfani ya soke ta. Yaya za ka gane? Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13. Ka ce ya nuna maka ita. Akwai kuma wata gajeriya, yawanci haruffa da alƙaluma shida a haɗe. Ka shiga shafin kamfanin jirgin, ka sa ta tare da sunan mahaifinka ko na ƙarshe yadda aka rubuta, ka ga tafiyarka da idonka. Alƙaluma 13, Alhaji, Hajiya, ku riƙe wannan. Ejan na gari ba zai ji haushin tambayar ba.

Sannan rubutun suna. Muhammad, Mohammed, Muhammadu, a wurinmu duk mutum ɗaya ne, a filin jirgi kuwa abin da ke fasfo ake bi harafi da harafi. A duba tun ranar biya. Kafin ka miƙa kuɗi ka tambaya: in na ɗaga tafiya nawa za a caje ni, in na fasa me zai dawo? Sau da yawa tikiti mai araha shi ne wanda ba a mayar da kuɗinsa.

Lokaci ya matso mu. Na filin ƙwallo da na taron biki a taƙaice: kada ka sa hoton tikitinka a Facebook ko WhatsApp, domin zanen nan mai kusurwa huɗu da na'ura ke karantawa sau ɗaya yake aiki, wanda ya riga ka kai shi ƙofa shi ke shiga. Ka ajiye hotonsa a cikin waya saboda rashin sabis, ka cika caji kafin ka fita, rasit kuma kada a yar sai an dawo gida.

Nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Masu tafiya, Allah Ya kiyaye hanya.