Kanwar ƙarfe

Mai ɗanwake a Kasuwar Kure ta Minna ba ta zuba ruwan kanwa da ka. In ya yi kaɗan, ɗanwaken ya dagargaje a tukunya. In ya yi yawa, ya yi duhu da ɗaci, ba mai saye. Haka kabon, sinadarin da ke cikin gawayi, yake ga ƙarfe. Ƙarfe zalla laushi gare shi. A sa masa kabon kamar kashi 0.25 cikin 100, sai ya zama rodin gini, mai lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba. A kai shi wajen 0.7, ga ƙarfen layin dogo. In ya haura kashi 2 kuwa, taurinsa ya wuce misali, amma guduma ɗaya ke tarwatsa shi.

Minna a kan irin wannan awo ta girma. Layin dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911 ta nan ya ratsa, a nan kuma na Legas ya zo ya haɗu da shi. Ƙarafan daga Ingila aka kawo su, aka hauro da su Baro ta kogin Neja.

Maƙeranmu ba su da ma'aunin kabon, amma hannu ya sani. Shi ya sa in za a ƙera adda ko gatari suke neman tsohon sifirin mota. A zuga shi ya yi jajir, a tsoma a ruwa ko baƙin mai, sannan a sake ɗumama shi sannu-sannu don kada bakin ya riƙa ɓantarewa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rodi. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, da aka ƙulla yarjejeniyarta da Tarayyar Sobiyet tun 1979, har yau ba ta narka tamar Itakpe ba. Don haka yawancin rodin gida daga tarkacen da 'yan gwangwan ke tarawa ake narka shi, a masana'antun Legas da Ogun. Narka tsohon ƙarfe ba laifi ba ne, duniya duk ana yi. Laifin a narka ba awo, ko a tsuke kaurin rodi a sayar da shi da sunan lamba 12.

Mai gini a Bosso ko Maitumbi, kafin a zuba kankare, ya tsaya kan mai ɗaurin rodi ya ga an lanƙwasa guda a gabansa. In gwiwar ta tsage, a mayar da lodin gaba ɗaya. Dekin nan 'ya'yansa ne za su kwana a ƙarƙashinsa.