Ɗalibin SS3 da Farashin Kwanon Masara

A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a gidajen man Kano. Duk ɗalibin da ke hawa adaidaita sahu daga Gyadi-Gyadi ko Unguwa Uku zuwa makaranta ya ji abin a aljihunsa. Kuɗin mota ya tashi, mai kayan miya a kasuwar Tarauni ya ƙara wa tumatir kuɗi, ya ce dako ya yi tsada. Wannan shi ne darasin tattalin arziki da ake koyarwa daga SS1 zuwa SS3, sai dai kaɗan ne daga cikin ɗaliban suka gane cewa abin da ke cikin littafinsu ne ke faruwa a bakin titin Zariya.

Laifin yana ga yadda muke koyar da shi. A makon farko ana sa yaro ya haddace ma'anar da Baturen Ingila Lionel Robbins ya ba wannan fanni a 1932, ya zuba ta da Turanci kamar karatun allo, ya ci maki. Daga nan a zana masa layuka biyu masu giciye, a ce ga buƙata, ga wadatar kaya, inda suka haɗu nan farashi yake. Ya kwafa, ya rufe littafi. Ba a tambaye shi me ya sa kwanon masara ke araha da kaka, ya yi tsada tsakiyar damina kafin sabon amfani ya shigo ba, alhali a gidansu ake wannan lissafin kowace shekara.

Abin takaici ne, domin da wuya a sami garin da ya fi Kano dacewa da wannan darasi. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, take ci. Ga Kantin Kwari, ga Singa, ga Dawanau inda hatsi ke fita har Nijar da Chadi. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Malami zai iya cin sati biyu a kan wannan kaɗai. Shin mai ajiye hatsi da kaka ya fitar da damina mugu ne, ko aikinsa ne ke sa a sami abin saya lokacin da gonaki ba su nuna ba? A ina ajiya ke ƙarewa, a ina ɓoyewa ke farawa? A ganina rufe rumbu bai isa ya sauko da farashi ba matuƙar naira na faɗuwa, taki da dako na tsada. Amma ɗalibi ya kamata a bari ya yi gardamar da kansa, da hujja.

Haka batun kuɗi. Manhaja tana da babi kan ayyukan kuɗi da aikin Babban Bankin Najeriya. Waɗannan yaran kuwa sun ga farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200, 500 da 1,000. Sun ga layi a bakin bankuna tun asuba, sun ga masu POS suna sayar da naira da naira, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Adashin da iyaye mata ke zubawa ma ajiya ce da bashi marar ruwa, kuma daga nan hanya ta miƙe zuwa bayanin bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012.

Akwai kuma wani ruɗi da ya kamata a warware tun SS1. Da yawa suna zaɓar tattalin arziki ne don gudun lissafi. Takardar WAEC tana da sashen da ake ba da tebur ko jadawali a ce a yi lissafi a fassara shi, kuma mai neman karanta fannin a Jami'ar Bayero sai ya rubuta lissafi a JAMB. Lissafin ba mai wuya ba ne, yawancinsa kaso cikin ɗari ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Ɗalibin SS3 ya kamata ya iya faɗin abin da hakan ya yi wa albashin naira 71,000, mafi ƙarancin da gwamnatin Kano ta amince da shi a shekarar.

Gyaran ba ya buƙatar kwamfuta ko kasafi. A ba kowane rukuni na aji kaya biyar, gero, shinkafa, mai, sukari, gawayi, su riƙa rubuta farashinsu a kasuwar Tarauni duk Asabar har zangon karatu ya ƙare. Daga alƙaluman da suka tara da hannunsu za su zana jadawalin, su fitar da kason hauhawar unguwarsu, su gwada shi da na hukuma.